Motar ta yi arha a Turai, amma birkinta bai rage kuɗi ba

Akwai wani ƙorafi da ya zama ruwan dare tsakanin masu manyan kat-kat masu gudu, irin su BMW X5 M, Porsche Cayenne Turbo, Range Rover Sport SVR da Mercedes-AMG G63: an sa sabon birki, ba a yi wata tafiyar a zo a gani ba, sai ga fitilar gargaɗi ta kunnu. A je gareji, a ce plaket sun cinye, faifan birki ma ya sauka, a kawo lissafin da zai sa mutum ya nemi kujera. Mai mota a Birasels yana wannan kuka, mai mota a Yamai ma yana yi. Bambancin kawai shi ne na Birasels yana da garejin kamfani a kusa da albashi na yuro, na Yamai kuwa yana jiran kaya daga Dubai ko Lome, mota na ajiye a ƙofar gida tana shan ƙura.

Da yawa daga cikinsu suna ɗaukar abin a matsayin lalacewa, ko ha'incin bakanike. Wani lokaci haka ne. Amma mafi yawan lokuta motar ba ta lalace ba, abin da aka ƙera ta don ta yi ne take yi. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Matsalar ita ce yawancin masu sayen waɗannan motoci ba wanda ya gaya musu rariya ce suka saya.

Aikin birki guda ɗaya ne: ya karɓi ƙarfin tafiyar mota ya mayar da shi zafi ta hanyar gogayya. Plaket suna matse faifan da ke juyawa tare da taya, su ci jikinsu, su ci jikin faifan, mota ta tsaya. Yawan zafin da za a ƙona ya dogara ga abu biyu, nauyi da gudu. Idan nauyi ya ninka, aikin ya ninka. Idan gudu ya ninka, aikin ya ninka sau huɗu. Toyota Corolla tana kusan tan 1.3. BMW X5 M ta shekarar 2015 tana kusan tan 2.4, tana da ƙarfin doki 575, tana kai kilomita 100 a sa'a cikin daƙiƙa huɗu da 'yan kai. G63 ta 2018 ta kai tan biyu da rabi, ƙarfin dokinta 585. Idan Corolla da X5 M suna tafiya kilomita 100 a sa'a, birkin babbar zai yi kusan ninki biyu na aikin ƙaramar. Idan babbar ta hau 160, wanda a gare ta wasa ne, tsayar da ita na buƙatar kusan ninki biyar na abin da Corolla ke buƙata a 100. Kuma ba wanda ke sayen mota mai doki 575 don ya bi bayan amalanke a natse. Ana taka ta, ana take birki, sau ɗari a wuni.

Don birkin ya iya wannan aiki ba tare da ya saki ba, kamfanonin suna sa faifai mai faɗin kusan santimita 40 a gaba, da matsi mai fistin shida, da plaket masu kama faifai da ƙarfi ko da sun yi zafi. Wannan kamun ba kyauta yake zuwa ba. Plaket mai kamu sosai yana saurin cinyewa, yana kuma cin faifan tare da shi, shi ya sa baƙar ƙura ke rufe gwangwanin tayoyin gaba kwana biyu bayan wanki. A ƙaramar mota ana iya canza plaket sau biyu ko uku kafin a taɓa faifai. A waɗannan kuwa sau da yawa tare suke tafiya. Ga kuma wani abin da direba ba ya gani: na'urorin da ke hana mota zamewa ko kaucewa a kwana suna taɓa birkin kowace taya da kansu, ko ƙafar direba ba ta kusa da fedal. A kan rairayi ko hanyar jar ƙasa, inda taya ke yawan sulɓewa, wannan na'ura ba ta hutawa. Shi ne dalilin da ya sa wasu ke mamakin ganin plaket ɗin baya sun riga na gaba ƙarewa.

Duk wannan a kan titin Jamus ma yana faruwa. A Nijar abin ya ƙaru. Ƙurar hunturu da yashi suna shiga tsakanin plaket da faifai, su zama kamar takardar gogar katako. Faifan nan mai huji-huji, da aka yi don ya fitar da zafi da ruwa a titin tsere, a nan ramukansa yashi suke tarawa. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a inuwa, iskar da ya kamata ta sanyaya birki ita kanta wuta ce. Sannan a dubi yadda tafiya take a hanyar ƙasa mai lamba 1, daga Yamai a bi Doso, Dogon Dutsi, Birnin Ƙonni, Madawa, Maraɗi, Tasawa har Damagaram, kusan kilomita 900. Mota ta miƙe ta kai 150, sai ƙauye, sai tudun rage gudu, sai shingen jami'ai, sai garken awaki ko jaki a tsakiyar kwalta. Kowane ɗaya daga cikinsu saukowa ne daga babban gudu zuwa kusan tsayuwa, irin takun da ya fi kowane cin birki. A cikin gari kuma kabu-kabu da adaidaita ba sa barin ƙafa ta bar fedal.

Sai maganar kuɗi, wadda ita ce ta fi shafar 'yan ƙasa mazauna waje. Waɗannan motoci suna faɗuwa a farashi da sauri. Motar da aka saya sabuwa fiye da yuro dubu ɗari, bayan shekara takwas ko goma ana iya samun ta da kashi ɗaya cikin uku ko huɗu na kuɗin. Saurayin da ke aiki a Faransa, Beljiyam ko Amurka ya ga tallar, ya lissafa ajiyarsa, ya ga ta isa. Ya saya, ya biya jirgin ruwa, ya biya duwan, ya turo ta gida don hutu ko ya ba mahaifi ko babban wa kyauta. Niyyar mai kyau ce. Amma faifan birki bai san motar ta tsufa ba. Kuɗinsa na motar yuro dubu ɗari ne, kuma haka zai zauna har ranar da motar za ta zama tarkace. Hasali ma, wani mai motar a Turai yana sayar da ita ne daidai lokacin da ya ga manyan gyare-gyare sun ƙarato, birki, tayoyi da balan-balan ɗin da ke ɗaga mota. Wanda ya saya ya gaji lissafin.

A ɗauka an canza faifai da plaket gaba da baya a kan yuro 2,000, adadin da ba zai ba kowane mai irin wannan mota mamaki ba. Yuro guda sefa 655.957 ne, wato miliyan ɗaya da jaka 311 da 'yan kai. Mafi ƙarancin albashi a Nijar tun daga watan Janairun 2024 jaka 42 ne a wata. Gyaran birki ɗaya ya cinye albashin wata 31 na ƙaramin ma'aikaci. Idan kuwa motar mai faifan seramik ce, irin wanda Porsche ke nunawa da matsi mai launin rawaya, to faifai guda ɗaya dubban yuro ne. Gaskiya ne yana daɗewa ƙwarai, amma tsakuwa ɗaya ta maƙale a ciki tana iya ɓantare shi, kuma ba a gyara shi, sai dai a canza. Garanti ma ba zai ceci kowa ba: yawancin kamfanoni suna lissafa plaket da faifai cikin kayan da ke cinyewa da amfani, kamar taya. Ga shi kuma bayan juyin mulkin Yulin 2023 an rufe iyakar Gaya da Malanbil, kayan da a da ke shigowa ta Kwatano suka koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso, da ƙarin kwanaki da ƙarin kuɗi.

Wani zai ce, ina ruwan jama'a? Kuɗinsa ne, motarsa ce, in ya ga dama ya ƙona su. Da a ce abin yana tsayawa a aljihunsa, da ba a yi magana ba. Abin da ke faruwa bayan lissafin ya zo shi ne abin tsoro. Mai motar da ba ya da miliyan a hannu ba ya ajiye ta, domin ajiye ta abin kunya ne a unguwa. Sai a nemo dabara. A sayo plaket marasa suna a cikin kwalin da aka buga wa tambarin babban kamfani. A kai faifan da ya riga ya sauka wurin mai injin feƙe ƙarfe ya ƙara goge shi. A haɗe wayar gargaɗi don fitilar ta daina damun mutane. A zuba duk man birkin da aka samu a bakin hanya. Motar ta fito tana ƙyalli, tana taka 160 kamar da, kuma a takun farko da na biyu birkin yana kamawa. A na biyar ko na shida, bayan ƙarfe ya yi zafi, shi ne fedal zai yi laushi. Wanda ke cikin motar yana da bel da jakunkunan iska takwas ko goma. Yaron da ke tsallaka titi a Gidan Rumji da mai kabu-kabu ɗauke da mace da goyo ba su da komai. Tan biyu da rabi ne zai same su.

Man birki ma abin a tsaya a kansa ne, don shi aka fi mantawa. Yana tsotsar danshin iska sannu a hankali. Sabon mai nau'in DOT 4 ba ya tafasa sai ya kai digiri 230 ko fiye, amma idan ya sha ruwa ma'auninsa na iya sauka zuwa 155. Man da ya tafasa ya zama tururi, tururi kuwa yana matsuwa, sai fedal ya nutse ƙasa ba abin da ya kama. Shi ya sa kamfanoni irin su BMW da Mercedes ke cewa a canza shi duk shekara biyu. Wannan shi ne gyara mafi arha a duk tsarin birkin, kuma shi ne ba a yi, domin ba ya ƙara, ba ya kunna fitila.

Ba kowane saurin cinyewa ne halin mota ba. Idan plaket na gefe guda sun cinye na ɗaya gefen suna nan, ko gwangwanin taya ɗaya yana ƙuna bayan gajeriyar tafiya, ko mota na ja gefe in an taka birki, to matsin ya cije, galibi saboda ƙura da tsatsa sun kama fistin ko sandunan da yake zamewa a kai. Wannan gyara yake buƙata, sabon plaket ba zai magance shi ba, cinye shi kawai zai sake yi. Bakaniken kirki yana kwance tayar ya auna. Sabon plaket yana da kaurin milimita 10 zuwa 12, ana canza shi in ya sauka kusan 3. Kowane faifai kuma an zana masa mafi ƙarancin kaurinsa a jikinsa. Wanda ya leƙa ta tsakanin gwangwani ya ce "zai ƙara kai ka" bai auna komai ba. Garejojin gida suna da hannu da basira, babu mai musun wannan, amma motar da birkin hannunta na lantarki ne sai an haɗa ta da kwamfuta kafin a buɗe matsin baya, in ba haka ba a ɓata shi.

Kuma ba dole ne a sayi kayan da ke cikin kwalin kamfanin motar ba. BMW da Porsche ba su ke ƙera plaket da kansu ba. Akwai kamfanoni irin su Brembo, ATE, Textar da TRW, masu yi wa masu ƙera motoci kaya, kuma suna sayar da nasu kai tsaye da sauƙin farashi. Kayan da suka cika ƙa'idar Turai suna ɗauke da harafin E da lambar 90R a jikinsu. Masu jabu suna iya kwaikwayon tambarin, amma rashinsa gaba ɗaya ya isa hujja. Tsakanin wannan sauƙi da na kwalin da ba a san asalinsa ba akwai tazara mai nisa, kuma a nan ne arha ba ta ado.

Ba banza ba ne Land Cruiser ta zama sarauniyar hanyoyin Nijar. Ita ma mai nauyi ce, ita ma tana cin birki, amma kayanta suna nan a Yamai, a Maraɗi, a Ƙofar Ruwa ta Kano, kuma duk bakaniken da ya ƙware ya san ta ciki da bai. An ƙera ta don ta jure hanya, waɗancan kuwa an ƙera su don su yi tsere da motocin wasa alhali suna ɗauke da nauyin ƙaramar babbar mota.

Hukuma ma tana da nata. Binciken da Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2020 ya nuna cewa daga 2015 zuwa 2018 Turai, Amurka da Japan sun fitar da ƙananan motocin hannu miliyan 14, kashi 40 cikin ɗari sun nufo Afirka. Ƙasar da ke karɓar irin wannan kaya ya kamata bizit ɗin mota ya wuce takardar da ake nuna wa jandarma. A ɗora mota a kan injin gwajin birki, a auna ƙarfin kamun kowace taya, wadda ta kasa a hana ta hanya, ko ta wane ce. Hukumar ANISER mai kula da kiyaye haɗurra tana iya sa maganar kayan birki na jabu cikin faɗakarwarta, kamar yadda ake yi kan hular kwano da gudun wuce kima.

Amma hukunci na farko yana hannun mai saye. Wanda ke shirin turo irin wannan mota gida, kafin ya biya, ya ɗauki lambar shasi ya tambayi kuɗin faifai huɗu, plaket gaba da baya da wayoyin gargaɗi, ya sa a auna waɗanda ke jikinta, ya duba takardun gyaranta. Idan lissafin bai girgiza shi ba, ya sayi saiti biyu na plaket da saitin faifai ya zuba a bayan motar su hau jirgi tare. Idan kuma kyauta zai bayar, ya tambayi kansa wa zai biya gyaran farko bayan ya koma bakin aikinsa a Liyon ko Nuyok, domin tsohon da aka ba makulli da fanshonsa ba zai kira waya ya ce birki ya ƙare ba, garejin unguwa zai tura direba a yi masa dabara.