Wa Ke Tsaron Ƙofar Gidan Kallo?

Tun 1993 Nijeriya ke da Hukumar Tace Fina-finai ta Ƙasa, wadda ke rarraba fina-finai gwargwadon shekarun mai kallo, daga na kowa da kowa zuwa na 12 da 15, har na 18 wanda manya kaɗai aka yarje wa. Jihar Kano ma ta kafa tata hukumar a 2001, da ikon ba da lasisi ga silima da gidajen kallo. Ashe ba doka muka rasa ba.

A ganina, mun ɗora wa almakashi nauyin da ya kamata mai tsaron ƙofa ya ɗauka. Ana datse fim a ofis, amma yaro ɗan shekara goma yana biyan kuɗi a unguwa ya zauna kafaɗa da kafaɗa da magidanta, ba mai tambayar shekarunsa.

A matsayina na ɗalibin harshe, abu biyu ke damuna. Na farko, gargaɗin da ke jikin fim da Turanci yake, alhali iyayen da ake yi dominsu da Hausa suke tunani. Na biyu, fim ɗin Indiya da aka fassara sabon zance ne, domin mai fassara kan cusa habaici da zaurancen da babu su a asali, don haka ya cancanci sabon awo.

Shawarata ita ce a rubuta matakin shekaru da Hausa, boko da ajami, a ƙofar kowane gidan kallo, kuma kiyaye shi ya zama sharaɗin sabunta lasisi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.