Kwapanhagan: Birnin da Tsarabarsa Ba Ta Shiga Akwati

Duk wanda taro ko kwas ya taɓa kaiwa ƙasar waje ya san cewa kwana biyun ƙarshe na mutanen gida ne. A cikinsu ake neman turaren uwargida, da takalman yara, da agogon Baba, da ɗan abin da za a miƙa wa abokan aiki. Akwai biranen da suka iya biyan wannan buƙata, irin su Dubai da Istanbul. Kwapanhagan, babban birnin Denmak, ba ta cikinsu. Baƙon da ya shiga kantunanta da jerin sunayen masu jiran tsaraba zai fito da ƙaramar jaka da babban takaici, a garin da kofin gahawa ɗaya kan kai krona 45, wato kimanin Yuro 6.

Tsadar gaskiya ce, kuma babu dabarar da za ta kawar da ita. Sai dai wanda ya auna ziyararsa da nauyin akwati zai koma gida yana ganin an cuce shi, alhali mafi kyawun abin da birnin ke bayarwa yana wajen ƙofar kanti, kuma an riga an biya kuɗinsa. Kwapanhagan gari ne da ya fi dacewa a kashe masa lokaci da tafiyar ƙafa fiye da kuɗi.

Inda kuɗin ke tafiya

Dalilai biyu ne manya a bayan farashin. Na farko haraji ne. Denmak na ɗora harajin saye da sayarwa na kashi 25 cikin ɗari a kan kusan komai, har da burodi da madara, ba tare da rangwamen da yawancin ƙasashen Turai ke yi wa kayan abinci ba. Ma'ana, a duk krona biyar da baƙo ya miƙa a kanti, ɗaya ta hukuma ce. Na biyu albashi ne. Ƙasar ba ta da dokar mafi ƙarancin albashi. Ƙungiyoyin ƙwadago da na masu ɗaukar ma'aikata ne ke zama su yanke, bisa tsarin da ya samo asali daga wata yarjejeniya ta watan Satumba 1899. Sakamakon haka, mai kawo abinci da mai wanke kwanuka suna karɓar ladan da za su iya rayuwa da shi, kuma ladan yana cikin farashin da ke rubuce. Shi ya sa ba a jiran tukuici a gidan abinci, kuma ba a taya kaya a kanti.

Baƙon da ba mazaunin Tarayyar Turai ba yana iya neman a mayar masa da wani kaso na harajin a filin jirgin sama, idan ya sayi kayan da suka haura krona 300 a kanti guda. Abin da ya ci ko ya sha kuwa ya tafi ke nan. To amma daga wannan asusu ne ake kula da titin da yake takawa, da lambun da yake hutawa, da jirgin ƙarƙashin ƙasa marar direba da ke kai shi tsakiyar gari daga filin jirgin sama cikin kimanin minti 15, dare da rana. Mazauna garin suna biyan harajin albashi mai nauyi duk shekara domin waɗannan abubuwa. Baƙon kwana uku yana morarsu da kuɗin gahawa.

Titin da aka ƙwace daga motoci

Cibiyar cinikin birnin ita ce Strøget, jerin tituna masu tsawon kimanin kilomita 1.1, daga dandalin majalisar birni zuwa dandalin Kongens Nytorv. Daga ɓangaren majalisa kantunan na talakawa ne, irin waɗanda ake gani a kowane babban birni. Da an matsa gabas sai farashi ya fara hawa, har a iso gidan tangaran na Royal Copenhagen, wanda aka kafa a 1775, da kantin azurfa na Georg Jensen, da Illums Bolighus mai sayar da kujeru da fitilu da kayan ɗaki. A nan ne ake ganin abin da Denmak ta yi suna a kansa: kujera ko fitilar da aka zana tun shekarun 1950, irin na Arne Jacobsen da Poul Henningsen, kuma har yau ake ƙera su ba tare da sauya fasali ba. Araha ba ta ado, in ji masu iya magana, kuma mutanen garin sun yarda da hakan. Sukan sayi abu ɗaya mai ƙarko su bar wa 'ya'ya. Baƙon da ke da mutum ashirin a jerinsa ba zai iya bin wannan sahu ba, amma shiga kallo kyauta ne.

Abin da ya fi kayan kantunan daraja shi ne titin kansa. Har zuwa 1962 motoci ne ke bin Strøget. A watan Nuwamba na shekarar hukumar birni ta rufe shi a matsayin gwaji, masu kantuna suka yi ca, suna cewa ciniki zai mutu, wasu kuma na cewa mutanen ƙasar sanyi ba su da al'adar zaman waje. Ciniki bai mutu ba, kuma kafin shekara biyu gwajin ya zama doka. Wani masanin tsara gine-gine, Jan Gehl, ya shafe shekaru yana ƙirga masu wucewa da masu tsayawa da masu zama a kan benci, ya kuma nuna wa hukuma da alƙaluma cewa duk filin da aka ba masu tafiya a ƙasa sai ya cika. Da haka aka ci gaba da janye motoci daga dandali bayan dandali, aka shimfiɗa hanyoyin keke masu dakali tsakaninsu da na mota. A yau kusan rabin masu zuwa aiki da makaranta a birnin a kan keke suke zuwa, kuma kuskuren da baƙo ya fi yi a ranar farko shi ne tsayawa ɗaukar hoto a kan hanyarsu.

Abinci, da tambayar da Musulmi zai yi

Mai karatu ya riga ya san ɗanɗanon Denmak ko bai taɓa zuwa ba, domin madarar Dano ta kamfanin Arla ce. A Kwapanhagan kuwa sunan da ya fi tashe shi ne Noma, gidan abincin da René Redzepi da Claus Meyer suka buɗe a 2003, wanda aka zaɓa a matsayin na ɗaya a duniya har sau biyar tsakanin 2010 da 2021. Ra'ayinsa shi ne a dafa abin da ƙasa da tekun arewa ke bayarwa a lokacinsa, a daina kwaikwayon Faransa. Amma a farkon 2023 Redzepi da kansa ya bayyana cewa irin wannan girki, mai buƙatar hannaye da yawa na tsawon sa'o'i, ba zai ɗore ba. Baƙo bai yi asarar komai ba don bai ci a can ba. Tasirin gidan ya riga ya sauko kasuwa, ana ganinsa a ingancin burodi da kifi da ganyen da ake sayarwa a Torvehallerne, rufaffiyar kasuwar da aka buɗe a 2011 kusa da tashar Nørreport, da kuma Reffen, inda rumfunan abincin ƙasashe daban-daban suka mamaye tsohon filin ƙera jiragen ruwa a lokacin zafi.

Abincin rana na gargajiya shi ne smørrebrød: yankan baƙin burodi mai nauyi da ɗan tsami, a shafa masa man shanu, a ɗora kifi ko ƙwai ko dankali ko nama. Nan ne Musulmi zai buɗe ido. Aladun Denmak sun ninka mutanenta yawa, kuma naman alade yana cikin jan tsiran-alade na kekunan bakin titi, da curin nama da ake kira frikadeller, da niƙaƙƙiyar hantar da ake shafawa a burodi. Na kifi da na ƙwai su ne mafita, bayan an tambaya ko da kitsen alade aka shafa burodin, domin wasu gidajen gargajiya suna yin haka. Tun 2014 ƙasar ta hana yanka dabba ba tare da an sumar da ita ba, don haka mai tsantseni a wannan mas'ala sai ya tambayi asalin naman da aka rubuta wa halal. Unguwar Nørrebro, arewa maso yamma da tsakiyar gari, ita ce wurin da tambayar ba ta ba kowa mamaki. Titin Nørrebrogade cike yake da mahauta da masu shawarma na Larabawa da Turkawa da 'yan Pakistan, farashi kuma ya fi sauƙi. Babban masallacin Hamad Bin Khalifa, wanda aka buɗe a 2014, yana gefen unguwar. Ruwan famfo kuma abin sha ne a ko'ina.

Nishaɗin da ake biya da wanda ba a biya

Tivoli, daura da babbar tashar jirgin ƙasa, lambun shaƙatawa ne da Georg Carstensen ya buɗe ranar 15 ga Agusta 1843. Jirginsa na katako mai hawa da gangara yana aiki tun 1914, kuma har yau akwai ma'aikacin da ke zaune a cikinsa yana riƙe da birki. Ana biyan kuɗin shiga daban, na lilo daban, kuma lambun yakan rufe tsakanin lokutan bukukuwa, don haka a duba kalanda kafin a yi wa yara alkawari. Ya cancanci yammaci guda, musamman bayan an kunna fitilu. Shi kuwa mutum-mutumin 'yar ruwa da ke kan kowane katin hoto, tsayinsa mita 1.25 ne kawai, kuma yawancin masu zuwa sukan tsaya minti biyar su juya.

Sauran ranakun na abubuwan kyauta ne. Hasumiyar fadar Christiansborg, inda majalisar dokoki ke zama, a buɗe take ga kowa. Masu gadin fadar Amalienborg suna sauya aiki da ƙarfe 12 na rana. Daura da Lambun Sarki akwai gidan tarihi na David, wanda wani lauya, C. L. David, ya bari, inda aka tara ɗaya daga cikin manyan taskokin fasahar Musulunci a Turai: rubuce-rubucen Alƙur'ani na hannu, da tangaran, da saƙa, daga Andalus zuwa Indiya, ba a kuma karɓar ko sisi a ƙofa. Sai tashar ruwa. A da ƙazantar masana'antu da ta magudanai ke kwarara cikinta. Hukuma ta gina manyan rumbunan tare ruwan sama a ƙarƙashin ƙasa, ta rufe bakunan magudanan, har a 2002 aka buɗe wurin iyo a Islands Brygge, a tsakiyar gari. Duk wannan ya dogara da wata, domin a Yuni rana kan yi sa'o'i 17 da ɗoriya a sama, a Disamba kuwa kimanin 7, abin da ke sauya lokutan salla kamar yadda yake sauya fuskar garin.

Abin da za a iya faɗa a kan wannan ra'ayi

Akwai ƙorafi biyu masu nauyi. Na farko, titin da aka ce na kowa ne ba kowa yake karɓa daidai ba. Tun Agusta 2018 doka ta hana rufe fuska a bainar jama'a, don haka mai niƙabi za ta fuskanci tara. A shekarar ce kuma aka tsaurara dokar da ke ware wasu unguwanni bisa ma'aunai da suka haɗa da yawan mazauna da ba 'yan asalin ƙasashen Yamma ba. A ƙarƙashinta aka sayar da wani ɓangare na rukunin gidajen Mjølnerparken, iyalai suka tashi. Gidajen suna jingine da Superkilen, filin shaƙatawar da aka ƙawata a 2012 da kayayyaki daga ƙasashe fiye da 50 domin murnar bambancin al'umma. Baƙon da ya ɗauki hoton filin bai waiwayi gidajen ba ya ga rabin labari ne.

Na biyu, tsaraba hakkin zumunci ce, kuma babu wanda zai ce wa mahaifiyarsa ya kawo mata labarin benci. Wannan gaskiya ne, amma yana da magani mai sauƙi. Gwangwanin biskit na man shanu, da cakulan, da ƙaramin kwalin Lego daga babban kantin unguwa sun isa su fitar da mutum kunya, sauran kuma a saya a zangon Istanbul ko Doha.

Abin da ba a samu a zango shi ne damar tsayawa a Strøget da la'asar a ga yadda ciniki ke gudana a titin da babu hon. Likita, ko injiniya, ko ma'aikacin ƙaramar hukuma da ya saba kutsawa tsakanin A Daidaita Sahu da masu tura baro a Kantin Kwari yana da dalilin yin wannan tsayuwa. Kwapanhagan ta fi Kano kuɗi nesa ba kusa ba, kuma tsarin harajinta ba abin da za a kwafa cikin dare ɗaya ba ne. Amma matakin 1962 bai ci kuɗi mai yawa ba. An rufe titi ɗaya na ɗan lokaci, an ƙirga masu wucewa, an saurari masu kantuna, sannan aka yanke hukunci bisa abin da aka gani.