Botamon da Ƙannenmu na Sabo

Yau kam wani zai ce ɗan Alhaji ya rasa abin rubutawa, tunda zancen katun na kawo. Ku dai yi haƙuri ku karanta.

Rannan ina tsaron shagon Baba a nan Sabo, Ibadan, sai na ga ƙanena yana kallon Digimon a wayata. Katun ne na Japan da aka fara nunawa a 1999, amma asalinsa ɗan abin wasa ne na aljihu da kamfanin Bandai ya fitar a 1997. Dodannin cikinsa daga ƙwai suke fitowa. Matakin farko shi ne na jarirai, kamar Botamon: ɗan dunƙule baƙi, ba hannu ba ƙafa, makaminsa kawai kumfa da yake fesowa. Shi ne zai zama Koromon, sannan Agumon, har ya kai Greymon mai aman wuta.

Ƙanena ya ce Botamon ba shi da amfani, a wuce wajen faɗa. Ni kuwa a ganina a nan darasin yake. A abin wasan nan na 1997, kai ne mai ba shi abinci da magani, kai ne mai share kashinsa. In ka kula da shi, ya zama jarumi. In ka yi sakaci, yana iya ƙarewa a Numemon, wani ƙazamin dodo mai jifa da kashi. A katun ɗin ma akwai ƙauye guda na jarirai, inda Elecmon ke gadinsu ba dare ba rana.

To mu wa ke gadin namu? Da asuba iyaye sun tafi kasuwa, mu yayye muna shago, yara suna hannun waya da titi. Ƙanen nan nawa shekararsa 7, Yarbanci ya fi Hausa zama a bakinsa. Jin Yarbanci alheri ne, da shi muke ciniki. Amma ranar da kakarmu ta kira daga Kano ya kasa gaishe ta yadda ya kamata, wallahi na ji kunya, domin laifina ne, ba nasa ba.

Wani zai ce in ya girma zai koya. Anya kuwa? Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Na ɗaukar wa kaina kullum bayan Magariba in zauna da shi, mu yi hira da Hausa, in ji karatunsa na allo. Kai ma duba gidanku, akwai Botamon ɗin da ke jiran ka.

Allah ya raya mana su bisa tafarki nagari, amin. Sai mun sake haɗuwa.