Kentucky a hannun Mark Pope: Me wasanni 12 na farko suka nuna?

Kashin da Jami'ar Ohio State ta ba Jami'ar Kentucky ranar Asabar, 21 ga Disambar 2024, a zauren Madison Square Garden da ke New York, ya sanyaya gwiwar magoya bayan da suka kwashe makonni bakwai suna murna. An tashi da maki 85 da 65. Shi ne karo na biyu da ƙungiyar ƙwallon kwandon Kentucky ta yi rashin nasara cikin wasanni 12 tun da aka buɗe kakar 2024 zuwa 2025, kuma karo na farko da aka yi mata fintinkau a ƙarƙashin sabon kocinta, Mark Pope. Nasara goma da rashin nasara biyu ba abin kunya ba ne a ko'ina. Sai dai Kentucky ba ko'ina ba ce.

Wanda bai san wasannin jami'o'in Amurka ba zai ɗauka ana batun wasan ɗalibai ne, irin na share gumi bayan an fito daga lacca. Abin ya wuce nan nesa. Jami'o'i fiye da 350 ne ke rukunin farko na hukumar NCAA, kuma gasar da ake rufe kaka da ita a watan Maris, wadda a lokacin ƙungiyoyi 68 ke shiga, duk wanda aka doke ya tattara ya koma gida, ita ce ke samar wa hukumar mafi yawan kuɗin shigarta. Yarjejeniyar nuna gasar a talabijin da aka tsawaita zuwa 2032 ta kai dala biliyan 8.8 na shekara takwas. A wannan fage Kentucky ta ɗauki kofi sau takwas, ba wadda ta fi ta sai UCLA mai 11. Jihar Kentucky ba ta da ƙungiya ko ɗaya a manyan gasannin ƙwararru huɗu na Amurka, saboda haka zauren Rupp Arena na birnin Lexington, mai cin mutum sama da 20,000, shi ne fadar wasa a jihar, kocin jami'ar kuwa yana cikin mutanen da aka fi sa wa ido a faɗinta.

Wanda Pope ya gada, John Calipari, ya yi kaka 15 a kan kujerar. Ya ci kofi a 2012, kuma ya mayar da jami'ar tamkar zangon da matasa masu baiwa ke yada zango kafin su wuce gasar ƙwararru ta NBA. Dokar NBA ta hana ɗaukar ɗan wasan da bai kai shekara 19 ba, don haka Calipari kan tattaro fitattun da suka gama sakandare, su yi masa kaka guda, su wuce. John Wall da Anthony Davis da Karl-Anthony Towns da Devin Booker da Shai Gilgeous-Alexander duk ta hannunsa suka bi, haka ma Bam Adebayo wanda mahaifinsa ɗan Najeriya ne. Yaran sun yi arziki, jami'ar ta yi suna, amma rabon Kentucky da kaiwa zagayen 'yan huɗun ƙarshe tun 2015. A 2022 wata ƙaramar jami'a mai suna Saint Peter's ta fitar da ita a zagayen farko. A Maris ɗin 2024 Jami'ar Oakland ta maimaita mata, 80 da 76, inda wani ɗan wasa mai shekara 24, Jack Gohlke, ya zura ƙwallo mai maki uku har sau goma a kan ƙungiyar da biyu daga cikin matasanta, Reed Sheppard da Rob Dillingham, suka shiga sahun goman farko a zaɓen NBA watanni uku bayan nan. Daga wannan dare zama ya yi tsami. Korar Calipari za ta ci wa jami'ar fiye da dala miliyan 30 na diyya, sai shi da kansa ya sauwaƙe mata, ya koma Arkansas a watan Afrilu.

Pope ba shi ne zaɓin farko ba. Scott Drew na Baylor ya zaɓi ci gaba da zama inda yake, Dan Hurley da ya ci kofi biyu a jere da Connecticut bai motsa ba. Da aka ambaci sunan Pope, magoya baya da yawa sun yi tsaki, kuma suna da hujja: a shekara huɗu da ya yi a Utah Valley da biyar a BYU, bai taɓa cin wasa ko ɗaya a gasar Maris ba. Sau biyu ya kai BYU, sau biyu aka fitar da shi a wasan farko. Abin da ya rufa masa asiri shi ne shi ɗan gida ne. Yana cikin kyaftin-kyaftin na ƙungiyar Kentucky da ta ci kofi a 1996 a ƙarƙashin Rick Pitino, ya buga wasa a NBA, ya shiga karatun likita a Jami'ar Columbia, sannan ya bar shi ya kama aikin horarwa. Ranar Lahadi 14 ga Afrilu da aka gabatar da shi, zauren Rupp ya cika maƙil, ba don wasa ba, don a ga mutum ɗaya ya sauko daga bas tare da tsoffin 'yan wasa yana riƙe da kofin 1996.

Da taro ya watse, sai aiki. Pope ya tarar da shago ba kaya: babu ɗan wasa ko ɗaya mai gurbin tallafin karatu da ya rage daga ƙungiyar bara. Wasu sun tafi NBA, D.J. Wagner da Adou Thiero da Zvonimir Ivisic sun bi Calipari zuwa Arkansas, shi kuma Ugonna Onyenso, dogon matashin nan ɗan Owerri, ya koma Kansas State. Shekara goma da suka wuce, wannan na nufin kaka biyu ko uku na wahala, domin a da ɗan wasan da ya sauya jami'a sai ya zauna shekara guda bai buga wasa ba. An sassauta dokar a 2021, a Afrilun 2024 kuma aka cire iyakar yawan sauyin ga duk wanda karatunsa ke kan hanya. Tun 1 ga Yulin 2021 kuma aka halatta wa ɗalibai 'yan wasa karɓar kuɗi ta hanyar talla da amfani da sunansu da hotonsu. Waɗannan sauye-sauye biyu suka haifar da kasuwa sosai, mai dillalai da ciniki da tayi, ko da yake har yanzu hukumar ba ta yarda a kira 'yan wasan ma'aikata ba.

A wannan kasuwa Pope ya yi sayayya, cikin 'yan makonni ya haɗo mutum tara daga jami'o'i tara, ya ƙara da sababbin shiga uku. Bai nemi yara masu tashe ba, ya nemi waɗanda suka ga jiya. Lamont Butler shi ne wanda ya zura ƙwallon da ta kai San Diego State wasan ƙarshe a 2023 daidai lokacin da agogo ya ƙare. Koby Brea ya zo daga Dayton bayan kakar da kusan rabin ƙwallayen da ya jefa daga nesa suka shiga. Amari Williams ɗan Ingila ya zo daga Drexel, Andrew Carr daga Wake Forest, Kerr Kriisa ɗan Estoniya daga West Virginia, Jaxson Robinson kuma ya biyo kocinsa daga BYU. Sai Otega Oweh daga Oklahoma, wanda aka haifa a Amurka amma iyayensa 'yan Najeriya ne, ƙanin Odafe Oweh da a lokacin ke buga zari-ruga na Amurka a Baltimore Ravens. Ba shi aka fi ambata ba lokacin da aka kawo shi, amma zuwa Disambar 2024 shi ne wanda aka fi dogaro da shi wajen kawo maki kowane dare.

Salon Pope ya bambanta da na magabacinsa. Calipari kan dogara da baiwar ɗaiɗaikun 'yan wasa. Pope kuwa mutumin lissafi ne: ƙwallon da aka jefa daga bayan layin nesa maki uku ce, ta kusa maki biyu, don haka wanda ya ci huɗu cikin goma daga nesa daidai yake da wanda ya ci shida cikin goma daga kusa. A BYU ƙungiyarsa kan jefa fiye da 30 daga nesa a wasa guda. Tsarin na buƙatar a baje 'yan wasa a fili, a yi ta miƙa ƙwallo da sauri, har dogon da ke tsakiya ya zama mai raba ƙwallo. A kan ƙananan jami'o'i abin ya yi kyau matuƙa: sau huɗu Kentucky ta kai maki 100 a watan Nuwamba kaɗai, a wasan da tsawonsa minti 40 ne. Sai dai irin waɗannan wasanni, da akan biya ƙaramar jami'a ta zo a doke ta, ba su cika faɗin gaskiya ba.

Wasanni biyu ne suka sa aka fara ɗaukar Pope da muhimmanci. Ranar 12 ga Nuwamba a Atlanta, Kentucky ta kara da Duke mai Cooper Flagg, yaro ɗan shekara 17 da a lokacin kusan kowa ke hasashen shi za a fara zaɓa a NBA a 2025. Duke ta je hutun rabin lokaci da ratar maki tara, Flagg ya ci 26, amma a daƙiƙun ƙarshe sau biyu ƙwallo ta kuɓuce masa, ɗaya Oweh ne ya ƙwace. Kentucky ta yi nasara 77 da 72. Ga mutanen Lexington abin kamar an juya musu madubi ne, domin shekaru suka yi suna kallon manya na koya wa yaransu hankali, yau ga nasu manyan suna yi wa yaran wasu. Sai ranar 7 ga Disamba a Seattle, inda Gonzaga ta ba su ratar maki 16 a rabin farko, Butler na jinyar idon sawu, Kriisa da ya maye gurbinsa ya karye a ƙafa ana cikin wasa. Robinson, wanda ba aikinsa ba ne jan ragamar wasa, ya karɓa, suka farke, suka ci 90 da 89 bayan ƙarin lokaci. Mako guda bayan haka Butler ya dawo ya ci maki 33 a kan abokan gaba na gida, Louisville, duk ƙwallo goma da ya jefa ana cikin wasa babu wadda ta kuskure. Ƙungiyar da 'yan jarida suka sa ta 23 kafin a fara kaka ta haura har matsayi na huɗu.

A ganina, rashin nasarar biyu sun fi nasarorin bayani. Clemson ta doke su 70 da 66 ranar 3 ga Disamba ta hanyar rage gudun wasa da amfani da ƙarfin jiki, ɗan wasanta Ian Schieffelin shi kaɗai ya cafke ƙwallo 20 da suka dawo daga kwando. Ohio State ta bi hanya mai kama da wannan, ta matse masu jifa daga nesa, ta riƙa kutsawa tsakiya, Bruce Thornton ya ci maki 30. Kentucky ba ta ci ko kashi ɗaya cikin uku na abin da ta jefa ba. Duk ƙungiyar da ke rayuwa a kan jifan nesa za ta haɗu da daren da hannu ya ƙi, wannan ba laifin koci ba ne. Abin tambaya shi ne me za ta ci a irin wannan dare, kuma amsar da aka saba ita ce tsaron baya. A nan Kentucky ke da rauni a lokacin. Ban da Butler da Oweh, kaɗan ne cikin 'yan wasanta ke iya tare mai gudu su kaɗai, kuma da Kriisa ya kwanta, ragamar ƙungiyar duka ta rataya a kan lafiyar mutum ɗaya. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare, miyar kuwa an sa ran za ta fara ƙarewa a Janairun 2025.

Dalili shi ne rukunin da Kentucky ke ciki, wato SEC mai jami'o'i 16, ya fi kowane ƙarfi a kakar 2024 zuwa 2025. A karawar da aka yi tsakaninsa da rukunin ACC a farkon Disamba, SEC ta ci 14 cikin 16, kuma Kentucky na cikin biyun da suka faɗi. A lokacin Tennessee da Auburn ne ke saman jadawalin ƙasar, Florida kuma ba a kai ga doke ta ba, Alabama ta kai zagayen 'yan huɗu a 2024. Wasanni 18 ne a jere da irin waɗannan, kuma masu horar da su duk sun kalli faifan Clemson da na Ohio State.

Akwai kuma abin da murna ta sa ba a cika faɗa ba. An yi ta ƙorafin cewa 'yan wasan Calipari baƙi ne masu kwana ɗaya, amma akasarin na Pope ma haka suke. A wannan kakar Butler da Carr da Brea da Williams da Robinson suna shekararsu ta ƙarshe, sun ci moriyar ƙarin shekarar da aka ba waɗanda annobar korona ta shafi kakarsu ta 2020 zuwa 2021, rangwamen da ya ƙare musu da kakar 2024 zuwa 2025. Watau an musanya baƙi 'yan shekara 18 da baƙi 'yan 22 ko 23. A watan Afrilun 2025 Pope ya sake komawa kasuwa, kuma ya tarar da farashi ya tashi, domin sulhun shari'ar da aka sani da House, wanda alƙaliya ta ba amincewar wucin gadi a Oktoban 2024, ya ba jami'o'i damar biyan 'yan wasansu kai tsaye kimanin dala miliyan 20 a shekara daga kakar 2025 zuwa 2026, bayan an tabbatar da shi. Wannan batu ya shafi matasanmu da ke zuwa can da bizar karatu, domin sharuɗɗanta sun taƙaita aikin kuɗi a cikin Amurka. Oscar Tshiebwe ɗan Kongo, wanda ya zama gwarzon ɗan wasan jami'o'i a 2022 yana Kentucky, sai da ƙungiyar ta je Bahamas ya samu damar yin tallace-tallacensa a can.

Kafin a kai ga duk wannan, Florida ta zo Rupp Arena ranar 4 ga Janairun 2025 don buɗe wasannin rukuni. Ranar 1 ga Fabrairun 2025 kuma Calipari ya shigo zauren da ya yi shekara 15 yana mulki, wannan karo ta ƙofar baƙi, tare da Wagner da Thiero da Ivisic.