Garin bagaruwa a kan rauni: "masana sun tabbatar" bai ishe mu ba

Sunan Magarya ma sunan itace ne. Wanda ya taso daga Damagaram ya bi ta Bande, ko ya karkata Dungas har bakin iyakar Maigatari, zai ga gawo ya cika gonaki, bagaruwa a fadama, sabara da kalgo a saura. A waɗannan ƙauyuka, in lauje ya yanki yaro ko ƙaya ta soki manomi, itatuwan nan ake fara nufa kafin a yi zancen likita. Wanzami ya gama kaciya, da bagaruwa ake jinyar wurin. Wannan ba abin dariya ba ne, kuma 'yan bokon da ke yatsina fuska in an ambace shi ba sa burge ni.

Abin da ke damuna shi ne sabon yayin da ya cika WhatsApp da TikTok: mutum ya ɗaga leda cike da gari, ya ce "masana sun tabbatar yana kashe ƙwayoyin cuta", sai mu yi ta turawa.

To, me masanan suka yi? A jiƙa ganye ko ɓawo a ruwa ko a sinadari, a tace, a ɗiga a kan faranti da aka shuka ƙwayoyin cuta irin su Staphylococcus aureus, mai sa rauni ya yi mugunya. A ajiye a ɗumi irin na jikin mutum, washegari a auna faɗin wurin da ƙwayoyin suka kasa tsira. Bagaruwa, sabara, marke da lalle duk sun nuna ƙarfi a irin wannan gwaji, gaskiya ne. Bagaruwa cike take da sinadarin tanin, wanda ke tsuke nama ya busar da shi, shi ya sa majema ke jima da ita. Kakanninmu ba su yi ƙarya ba.

Amma fa faranti ba ƙafar mutum ba ce. Ruwan jabel ma yana share faranti tas, ba wanda zai tsiyaya shi tsagwaronsa a kan kaciyar ɗansa. Gwajin bai faɗi yawan da za a sa ba, bai faɗi abin da zai yi wa sabon naman da ke tofowa ba, balle abin da zai faru in ya shiga jini.

An taɓa ganin haka. A 1925 wani likita a Amurka, Edward Davidson, ya fara shafa tanin a kan ƙuna. Wurin ya bushe, ya yi ɓawo, zafi ya ragu, asibitocin duniya suka ɗauka. Sai a shekarun 1940 aka gano yana lalata hantar wasu masu babbar ƙuna, aka daina. Dangin sinadarin da ke cikin bagaruwarmu ne fa.

Ni a ganina ma, sau da yawa haɗarin na cikin yadda ake haɗa maganin. An shanya shi a ƙasa inda awaki ke kai da kawo, an daka a turmin da ba a wanke ba, an ɗaure da tsumma. Ƙwayar tetanos, mai sandarar da jiki ta sarƙe haƙora, a cikin ƙasa da kashin dabbobi take zaune, kuma shanya a rana ba ta kashe ta. Gari ya toshe bakin rauni mai zurfi, sama ya bushe, ciki na ruɓewa. A cibiyar jariri abin ya fi muni. Sannan ga jinkiri: a yi kwana biyar ana "bari mu ga", sai ƙafa ta kumbura a nemi amalanke. Ƙungiyar MSF ta fara aikin jinyar yara a Magarya a 2005, amma gadon asibiti ba ya dawo da kwanakin da aka ɓata a gida. (Masu fasa kafso su zazzage a kan gyambo, ku ma ba ku tsira ba, ƙwayoyin cuta kuke koya wa jure magani.)

Ku dubi zuma. Ita ma maganin kaka ce, amma an gwada ta a kan majinyata, an tsabtace ta, har hukumar magunguna ta Amurka ta amince da bandeji mai zuma a 2007. Me zai hana bagaruwa bin wannan hanya? Jami'ar André Salifou na nan Damagaram, itacen na bayan gari, masu sanin sa na raye. Ina son ganin ɗalibanmu sun wuce faranti: su auna guba, su fitar da ma'auni, su gwada a kan raunuka ƙarƙashin kulawar likitoci, kuma a rubuta sunan masu maganin da suka ba da sani. Bikin 31 ga Agusta na ranar maganin gargajiya ta Afirka ya zama ranar kawo sakamako, jawabi ya isa haka. Hukumomin lafiya na Magarya da Dungas su zauna da wanzamai da ungozoma a kan tafasa ruwa, sabuwar aska da allurar tetanos, tunda su jama'a ke fara kira.

Kafin nan, 'yan uwa, in an kira ku daga gida an ce wani ya ji rauni, ku ce a wanke da ruwa mai tsabta da sabulu tukuna. In ƙusa ce ta shige, ko cizon kare, ko babbar ƙuna, ko mai ciwon suga ne, ko wurin ya fara wari, mugunya da zazzaɓi, ku tura kuɗin kabu-kabu a kai shi likita ranar nan. Cibiyar jariri kuwa kada a sa mata komi sai abin da ma'aikatan lafiya suka bayar.