Lubbock: Audugar da Baitulmali Ya Shayar

Masu wa'azin kasuwa sukan kafa hujja da manomin Amurka, su ce ƙwazonsa ne ya ɗaukaka shi, lalaci kuma ya durƙusar da na Afirka. Tarihin Lubbock, birnin auduga na shimfiɗaɗɗen filin yammacin jihar Texas, ya isa ya ƙaryata wannan magana.

Filin nan na kabilar Komanci ne, sai da sojan gwamnati ya kore su a yaƙin 1874 zuwa 1875. Jirgin ƙasa ya iso a 1909, shekarar da garin ya samu hukumarsa. A 1923 jiha ta kafa masa kwalejin da ta zama jami'ar Texas Tech. A ƙidayar 2020 mazaunansa sun zarce 250,000. Ba wani mataki na wannan hawa da babu hannun hukuma a ciki.

Damina ba ta da tabbas a can. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka haƙa dubban rijiyoyin burtsatse cikin tafkin ƙarƙashin ƙasa na Ogalala, ana zuƙarsa fiye da yadda sama ke mayarwa. Manoman Lubbock ma'aikata ne, babu musu, amma rancen ruwan jikokinsu suka ci.

Rijiya ta biyu ita ce baitulmali. Tallafin Washinton ya sa aka ci gaba da shuka ko da farashi ya faɗi, rarar ta cika kasuwar duniya, ta karya darajar audugar mai noma da garma. A lokacin kuwa Bankin Duniya na matsa wa ƙasashen Afirka su sayar da kamfanonin audugarsu. A 2003 Benin, Burkina Faso, Mali da Cadi suka kai kuka taron Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a Kankun, aka watse ba matsaya. Brazil, wadda ta shigar da ƙara a 2002, ta yi nasara. A 2014 Amurka ta biya ta dala miliyan 300 aka rufe shari'ar. Mai ƙarfi ya samu diyya, marar ƙarfi ya samu alkawari.

Don haka malamin da ke koyar da tattalin arziki a Maradi ko Damagaram bai kamata ya karantar da yara cewa kasuwa alƙali ce mai adalci ba. Darasin Lubbock shi ne: ƙasar da ta tsaya wa manominta da hanya, ilimi da kuɗi ita ke yanke farashi. Wanda ya hau da tsani ba shi da bakin cewa na ƙasa ya yi tsalle.