Digirin-digirgir kan sauyin yanayi: kada a tsallake dattawan Fadikpe

Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna tana cikin jami'o'in da ke ɗauke da rassan WASCAL, cibiyar nazarin sauyin yanayi ta Afirka ta Yamma wadda gwamnatin Jamus ke tallafa wa. Reshen na Minna ya soma da digiri na biyu, daga bisani ya koma ba da digirin-digirgir a kan sauyin yanayi da matsugunan jama'a, ɗalibai kuma suna zuwa daga ƙasashen yankin. Wannan abin alfahari ne. Sai dai ya kamata masu riƙe da lalitar gwamnati a Abuja su tambaya: nawa ne daga cikin ilimin mutanen da jami'ar ke zaune a ƙasarsu yake shiga waɗannan kundaye?

Ba sai an je nesa ba. Unguwar Fadikpe, wadda birnin Minna ya haɗiye sannu a hankali, tana da dattawan Gbagyi da suka ƙare ƙuruciyarsu a gonar doya. Irin wannan dattijo ya san hanyar da ruwa ke bi idan an yi mamako, ya san filin da magabata suka ƙi kafa gida a kansa da dalilinsu, yana kuma tuna lokacin da damina kan sauka a da. Tauraron ɗan'adam ba ya ba da wannan labari, kuma kowace jana'iza tana tafiya da wani sashe nasa. Ambaliyar Mokwa ta 29 ga Mayun 2025, wadda ta hallaka fiye da mutum 150, ta nuna cewa sanin hanyar ruwa a Jihar Neja magana ce ta rai da mutuwa.

Wannan jarida ba ta cewa duk abin da tsoho ya faɗa gaskiya ne. Sauyin yanayin kansa ya rikita wasu alamomin da aka dogara da su a da. Aikin ɗalibin digirin-digirgir ke nan: ya auna maganar manomi da alƙaluman ruwan sama na hukumar NiMet, ya ware tsaki da tsakuwa. An ga amfanin girmama manomi a yankin Maraɗi, inda tun shekarun 1980 dabarar renon tohon kututture a gona ta bazu daga manomi zuwa manomi, har itatuwa suka dawo a miliyoyin hekta a Nijar, bayan shirye-shiryen dashe masu tsada sun gaza.

Yarjejeniyar Paris ta 2015, wadda Najeriya ta rattaba wa hannu, ta ambaci ilimin gargajiya a cikin matakan jure wa sauyin yanayi. Saura aiwatarwa. Asusun TETFund na iya gindaya sharaɗi ga duk binciken yanayi da zai biya wa kuɗi: a mayar wa al'ummar da aka yi wa tambayoyi da taƙaitaccen sakamako a harshenta, Gbagyi ko Nufanci ko Hausa, a kuma ambaci gudummawarta a kundin, domin an daɗe ana kwasar ilimin talaka ba ko na gode. Majalisar Sauyin Yanayi ta Ƙasa, wadda dokar 2021 ta kafa, ta nemi waɗannan kundaye daga Minna kafin ta biya wani masani daga waje, hadiman da ke shirya wa ministoci takardun bayani kuma su karanta su.